Mu da Tukunyar Hulba a Bakin Rima

Mu matan bakin Rima, daga Goronyo har Wurno, ba a taɓa faɗa mana ciwo mu rasa abin tafasawa. Ki ce kanki na sarawa, kafin ki rufe baki an ambaci ganye uku. Ki ce gwiwa, a ce ga saiwa. Amma babu inda gwanintarmu ke tashi kamar ranar da mace ta kai shekarun ɗaukewar al'ada, ta fara ƙorafin zafi da gumin dare. Nan kowa likita ce. A gidan suna, a wajen kitso, a bakin injin niƙa, a motar kasuwar Goronyo ranar Lahadi, zance ɗaya ake juyawa: mi kinka sha, wa yab ba ki, nawa kinka saye shi?

Yadda abin ke farawa kusan ɗaya ne a kowane gida. Wata ya zo ya wuce ba a yi fashin salla ba. Mace ta yi shiru tana lissafi, gabanta na faɗuwa, don ga ta da surukai da jikoki, ina za ta kai cikin tsufa? Bayan wata biyu jinin ya leƙo ya koma. Daga nan sai zafi. Tana zaune lafiya lau cikin hunturu, kowa ya ƙudundune, ita kuwa zafi ya taso mata daga ƙirji ya haye wuya da fuska, ta yaye mayafi tana fifita da faifai. Cikin dare ta farka zani sharkaf. Barci ya ƙaurace, abu kaɗan ya tunzura ta, yara su fara cewa Inna ta cika faɗa kwanan nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata al'adarsu na ɗaukewa ne tsakanin shekara 45 da 55, likitoci kuma ba sa cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 cur ba a ga jini ba. Mu nan da yawanmu ba mu da takardar haihuwa, da abin da ya faru a gari muke ƙirga shekaru. To ga lissafi mai sauƙi: yaran matan da ke tallar gyaɗa da fura lokacin da aka gama ginin madatsar Goronyo a 1984, su ne yau suke cikin wannan hali.

Sai a shiga sa wa abin suna. Gwaggo ta ce zafi ne ya yi yawa, a tafasa sabara. Maƙwabciya ta ce shawara ce ta ɓuya. Wata ta ce sanyi ne, alhali mai ciwon gumi take yi. Wata ta rage murya ta ce a dai bincika, kada iska ce ko hannun kishiya. Tsohuwar gida kuma ta yanke hukunci: "Wanga ba ciwon asibiti ba na, ɗiyata, mu duk mun yi shi ya wuce." A nan tana da rabin gaskiya, domin ɗaukewar al'ada ba cuta ba ce, mataki ne da duk macen da Allah ya ba tsawon rai za ta taka.

Tukunyar da ta fi kowace hawa murhu ita ce ta hulba. Wata ta jiƙa ta kwana, ta sha da safe kafin ta karya. Wata ta tafasa ta zuba madara da zuma. Wata ta niƙa ta da alkama da gyaɗa da waken suya, ta riƙa dama kunu safe da yamma, a ce gyaran nono ne. Bayanta sai habbatus sauda, da kanumfarin da ake jiƙawa har ruwan ya yi ja, da citta, da garin zogale. Waɗannan su ne na fili, masu shayuwa a tsakar gida. Akwai kuma na ƙuryar ɗaki, tsumi da gumba da sauran hakin maye, irin wanda har mutanen Kano da Kaduna ke aiko da kuɗi a saya musu na ƙasar Sakkwato. Mu faɗa wa juna gaskiya, ba don gumin dare kaɗai ake shan waɗannan ba. In al'ada ta ɗauke, gaba yakan bushe, kwanciyar aure ta zama wahala, nono ya saki. Daidai lokacin ne kuma maigida ke fara zancen ƙarin aure, ko kuwa amaryar ta riga ta tare, ƙofar ɗakinta na kallon taki. Uwargidan da ta haifa ta yaye, ta haifa ta yaye, ba ta son a ce ta zama 'yar kallo a gidan da ta ƙarar da ƙuruciyarta. Ni ban ga laifinta ba ko kaɗan. Abin da ke damuna shi ne da wuya ki sami ɗaya a cikinmu da ta tsaya ta tambayi inda abin da take sha yake zuwa bayan ya wuce maƙogwaro.

Akwai wani sinadari da jikin mace ke yi, likitoci na kiransa istrojin. Shi ke fito da ƙirjin yarinya in ta tasa, shi ke shirya mahaifa kowane wata, shi ke riƙe danshin gaba da ƙarfin ƙashi. Muddin mace na al'ada, jakunkunan ƙwanta biyu ne ke samar da mafi yawansa su zuba cikin jini. In suka tsaya sai ya yi ƙasa warwas, kuma wannan faɗuwar ce ke rikita wurin da ke daidaita zafin jiki a ƙwaƙwalwa, shi ya sa gumi ke ɓallewa ba gaira ba dalili. Har nan yawancinmu mun gane ko ba da sunan ba, mukan ce jiki ya bushe. Inda muke ɓata lissafi shi ne ɗaukar cewa ya ƙare ƙaf, don haka duk abin da aka ɗura wa jiki riba ce.

Bai ƙare ba. Duk wanda ya san noman rani a fadamar nan ya san in aka rage sakin ruwa daga madatsa, kogi ya ja baya, ba nan take albasa da tafarnuwa ke mutuwa ba. Kowa yana da 'yar rijiyarsa cikin gona, ya ɗora inji ya jawo na ƙasa, ruwan kuma a gonar yake tsayawa, ba ya komawa kogi balle mai tsaye a bakin gaɓa ya gan shi. Haka jikin mace yake bayan al'ada. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da ke ci gaba da fitar da wasu sinadarai dangin na maza. Cikin kitsen jiki kuma akwai wani abu da ake kira aromates, aikinsa ya karɓi waɗannan ya juya su su zama istrojin. Nonon dattijuwa kuwa yawancinsa kitse ne, domin da shekaru suka ja, naman da ke yin ruwan nono kan janye, kitse ya maye gurbinsa. Ke nan nono da kansa yana haɗa nasa istrojin, a wurin, ya yi amfani da shi a wurin. Masu bincike sun auna sun ga cewa wanda ke cikin naman nonon macen da ta daina al'ada yakan fi na cikin jininta nesa ba kusa ba, musamman in akwai ƙari a ciki, don kitsen da ke kewaye da ƙarin yakan ƙara ƙaimin aromates.

Dalilin da ya sa wannan ya shafe mu shi ne akwai nau'in sankarar nono da ke rayuwa da istrojin. Ƙwayoyinta suna da wasu mazaunai da sinadarin ke hawa, da zarar ya hau sai su shiga hayayyafa. Shi ya sa maganin da asibiti ke bai wa masu irin wannan sankara kashi biyu ne. Tamoksifen yana tare mazaunin ne, istrojin ya zo ya rasa wurin zama. Letrozol da anastrozol kuwa aikin aromates ɗin suke tsayarwa, ana ba da su ga wadda al'adarta ta ɗauke, ƙwaya ɗaya kullum har shekara 5, wani lokaci fiye da haka. Kuma shi ya sa ƙiba bayan ɗaukewar al'ada ke ƙara haɗarin wannan ciwo: kitse ya yawaita, aromates ya yawaita, istrojin ya yawaita.

Wannan magana ta ƙiba tana da nauyi a bakinmu, na sani. A wurinmu ƙiba shaidar hutu ce. Mace ta rame, a ce miji ba ya kula da ita ko kishiya ta sa ta a gaba. Ta cika ta batse, a ce masha Allah, gida ya karɓe ta. Har akwai masu sayen sha-ka-fashe, wanda sau da yawa ƙwayoyin asibiti ne irin su deksametason, da aka yi su don wasu cututtuka daban, suna kumbura fuska da ciki, suna tayar da suga da hawan jini, suna cinye ƙashin da dama ɗaukewar al'ada ta fara raunanawa. Dattijuwar da ta haɗa wannan da kunun gyaran nono don ta murje, ba ƙuruciya take sayo wa kanta ba.

To ina hulba da waken suya suka shigo? Wasu tsirrai suna ɗauke da sinadaran da suka yi kama da istrojin a ƙira, har suna iya hawa mazauninsa, sai dai ƙarfinsu bai kai nasa ba ko kusa. A wajen kiwo ma aka fara gane abin. Cikin shekarun 1940 a yammacin Ostareliya, tumakin da ke cin wata ciyawa dangin wake suka daina ɗaukar ciki, hantsar waɗanda ba su taɓa haihuwa ba ta kumbura har da madara. Da aka bi diddigi sai aka tarar sinadaran ciyawar ne. Don haka maganar nan tamu ta "ai haki na, ba ya cutarwa" ba ta da madafa. Tumfafiya ma haki ce, zaƙami ma haki ne, kuma babu wadda ke dafa wa jikanta su. Abin da ke da ƙarfin yin aiki a jiki yana da ƙarfin yin ɓarna.

Amma kada a ce na zo in kifar da tukunyar kowa, domin abin da bincike ya nuna yana da fuska biyu. A 2010 wasu masana a Indiya suka tatsi sinadaran ƙwayar hulba suka zuba wa ƙwayoyin sankarar nono masu jin istrojin a ɗakin gwaji, sai ƙwayoyin suka ƙara hayayyafa. A Amurka an dasa wa ɓeraye irin wannan sankara, aka ciyar da su jenistin, wato sinadarin da aka ware daga waken suya shi kaɗai, sai ƙarin ya girma, har ya rage ƙarfin tamoksifen da letrozol. Wanda ya tsaya a nan zai ce a daina soya awara. Sai dai a 2009 an fitar da sakamakon bin diddigin mata 5,042 a birnin Shanghai na ƙasar Sin, dukansu an taɓa samunsu da sankarar nono, aka ga waɗanda suka fi cin abincin waken suya ciwon ya fi ƙarancin dawo musu, mutuwa ma ta fi ƙaranci a cikinsu. Wasu tsirran kuma juyawa suke yi ta ɗaya ɓangaren. Saiwar nan mai zaƙi da Larabawa ke kira irkusus, wadda ake samu a shagunan maganin Musulunci, an gwada wasu sinadaranta a ɗakin gwaji a Amurka aka ga suna rage aikin aromates. Amma abin da ya faru cikin kwanon gwaji ba shi ne abin da zai faru a ƙirjin mace ba, kuma ita wannan saiwar an daɗe da sanin yawan shanta na tayar da hawan jini, ciwon da dama ya cika gidajenmu.

Abin da na ɗauka daga wannan duka shi ne, abinci daban, haɗi mai kauri daban. Awarar da aka soya da yamma, kunun waken suya, riɗi a miya, hulba ɗan cokali a shayi, waɗannan abinci ne, jiki ya san yadda yake yi da su. Amma a ce an cika tukunya da hulba ana sha kofi uku kullum wata da watanni, ko a sayo garin da aka tace aka matse cikin kwalba mai hoton Balarabiya, wannan ya zama magani, kuma magani yana da awo, yana da wanda bai dace da shi ba. Hulba tana saukar da sugan jini, mai shan maganin suga in ta haɗa ba lissafi tana iya ganin jiri. Mai ciki ma ba a so ta yawaita ta. Wadda kuwa aka taɓa samunta da sankara mai jin istrojin, ko tana kan ƙwayoyin da na ambata, ita ce ta fi kowa bukatar ta tsaya kafin ta kai kofi baki.

Sai tambayar da ake yi a gidan biki: to yana maganin zafin ko ba ya yi? "Ni dai na sha, kwana bakwai anka yi zahin yab bar ni." Ba ƙarya take yi ba. Sai dai zafin nan dama tafiya yake yana dawowa, yau ya matsa, jibi ya lafa, bayan 'yan shekaru ya wuce da kansa ga yawancin mata. Duk tukunyar da ke kan murhu ranar da ya lafa ita ke shan yabo. A 2013 masanan ƙungiyar Cochrane suka tattara gwaje-gwaje 43 da aka yi a kan irin waɗannan sinadaran tsirrai, suka ce babu tabbatacciyar hujjar cewa suna rage yawan zafin ko tsananinsa, ko da yake wasu haɗe-haɗen jenistin sun nuna alamar amfani. A irin waɗannan gwaje-gwaje, hatta matan da aka bai wa ƙwayar da ba komai a cikinta da yawansu kan ce sun sami sauƙi. Ba mu kaɗai ke gudu wajen ganye ba. A 2002 aka dakatar da wani babban gwaji a Amurka, mai mata sama da 16,000, na ba su istrojin haɗe da wani sinadarin, saboda an ga ƙarin sankarar nono kamar mutum 8 cikin kowace 10,000 a shekara. Matan Turai da Amurka suka tsorata, suka koma shagunan ganye. Bambancinmu da su shi ne nasu akwai suna da awo a jikin kwalba.

Namu fa? Gorar roba ce da aka sha lemo aka wanke, ko ba a wanke ba, an cika ta da ruwa baƙi mai zaƙi. Ki tambayi mai haɗawa abin da ke ciki, ta ce sirrin gidansu ne, daga kakarta ta gada. Mai lasifika a kasuwa ya ce nasa na maganin sanyi da basir da rashin haihuwa da daji, duk a kwalba ɗaya. Ko lambar NAFDAC da ke jikin wasu, wadda ke ƙarewa da harafin L, ma'anarta an duba shi ta fuskar cutarwa ne aka bar shi ya shiga kasuwa, ba shaida ce ta yana warkarwa ba, har akan rubuta a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin mai shi ba. Mu da ba ma sayen buhun shinkafar Wurno sai mun soka hannu mun duba, ba ma karɓar albasa sai mun latsa, a nan ne kawai muke miƙa kuɗi ido rufe.

Tambayar abin da ke cikin magani ba raina gado ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837 kuma kabarinsa ke nan Wurno, ya rubuta littattafai a kan magani, har da na ciwon ido da na basir. A takarda ya sa ilimin don a karanta, a gwada, a koyar, bai kulle shi a ɗaki ya ce sirri ne ba. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u kuma ta tura jajoji ƙauye-ƙauye suna koya wa mata abin da ya shafi addininsu da zamansu. Wannan shi ne gadonmu na ainihi a ƙasar nan. Ina ganin makarantun Islamiyyar matan aure da muke cikawa da dare su ne wurin da ya fi dacewa a riƙa gayyato ma'aikaciyar lafiya ta yi wannan bayani, mace da mata, ba kunya.

Akwai abubuwan da muke yi da suka dace, kuma ya kamata a faɗa. Muna shayar da yara har kusan shekara biyu, ɗaya bayan ɗaya. Wani babban nazari da aka fitar a 2002, wanda ya haɗa bayanan ƙasashe 30, ya nuna kowane wata 12 na shayarwa yana rage haɗarin sankarar nono da kimanin kashi 4 cikin 100. Ba mu shan giya, ita kuwa tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin. Macen ƙauye tana daka, tana ɗebo ruwa, tana tafiya gona, motsa jiki kuma yana kare ta. Matsalar tana farawa ne ranar da aka sami suruka, aka ce Hajiya ta huta, ta zauna kan tabarma daga hantsi zuwa la'asar da kofin shayi mai suga cokali huɗu.

Inda raha ke ƙarewa shi ne wajen ƙullutu. Mace na wanka ta ji wani abu mai tauri a nono, ba ya zafi. Da yake ba ya zafi sai ta yi shiru. In ta faɗa, 'yar'uwarta za ta faɗa wa, ita kuma ta kawo sassaƙe a shafa. Ya girma, a ce daji ne, kuma kowa ya haddace cewa daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, in aka taɓa shi da wuƙar likita sai ya fusata. Wannan magana ta binne mata da yawa. Abin da ke faruwa shi ne ba a zuwa asibiti sai ciwon ya fashe ya bazu, sa'an nan in aka yi aiki ta rasu, a ce ƙarfen ne ya kashe ta, labarin ya zaga gari, ta gaba ta ƙara tsorata. Ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya na 2022 ya nuna mata sama da 32,000 ne suka kamu da sankarar nono a Najeriya cikin shekarar, sama da 16,000 suka rasu. Ba don ciwon ya fi na sauran duniya rashin jin magani ba ne kawai, yawancinsu a makare suke isa. Alhali yawancin ƙullutun nono ba sankara ba ne ma, amma hannu ba ya rarrabewa, sai an duba, an ɗauki hoto, an ɗebi ɗan nama an gwada. Gwajin nan ne kuma ke nuna ko ƙarin yana jin istrojin ko ba ya ji. Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ke Jami'ar Chicago, ita da abokan aikinta sun nuna a 2009 cewa a tsakanin matan Najeriya da Senegal nau'in da ba ya jin istrojin ya fi yawa a kan yadda yake wajen Turawa. Ke nan ƙwayar da ta yi wa maƙwabciyarki aiki ba lalle ta yi miki ba, kada a yi aron tamoksifen kamar yadda ake aron maganin ciwon kai.

Na san hanya ba daɗi. Daga Goronyo zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda sashen kula da masu sankara yake, akwai kuɗin mota, akwai kuɗin gwaji, akwai neman inda za a kwana, ga halin tsaron da gabashin jihar nan ke ciki, wanda ya sa tafiyar da ake yi da asuba a da yanzu sai rana ta ɗaga. Ga neman izinin maigida, wanda sau da yawa bai ma san ana ciwon ba, don kunya ta hana a nuna masa. Ku maza da kuke jin wannan hira ta bayan zana, kuɗin buhun albasa ɗaya da kuka bayar yau ya fi dukiyar da za ku zubar bayan shekara guda ba amfani.

Sai kuma ɗabi'armu ta ɓoye wa likita. A ba mace ƙwaya a asibiti, ta dawo gida ta ci gaba da tsuminta da jiƙonta, in aka tambaye ta ko tana shan wani abu ta ce a'a, ko ruwa da ƙyar. Tsoron faɗa take yi, kuma wasu ma'aikatan lafiya da kansu suka koya mana wannan tsoro, don da jin sunan gargajiya sai su ɗaure fuska su hau tsawa. Wanda aka yi wa tsawa sau ɗaya ba ya sake buɗe baki. Amma likitan da ke ƙoƙarin tsayar da istrojin a nononki yana bukatar ya san ko kina ƙara wani abu mai kama da shi ta bayan gida. Haka nan jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewa. Mukan garzaya wajen malam mu tambayi hukuncin salla, kuma daidai ne a tambaya, wasu ma har murna suke yi wai haɗin ya yi aiki, ƙuruciya ta dawo. Jini bayan ɗaukewar al'ada alama ce da ake duba mahaifa a kanta, ko ɗigo ɗaya ne.

Zafin da bushewar kuma ba dole a daure musu har abada ba. Tufafin auduga marasa nauyi, ruwan randa a kusa da shimfiɗa, rage yaji da shayi mai zafi da dare, rage teɓa, duk suna taimakawa. Ga bushewar gaba akwai man shafawa mai tsabta a kemis, wanda ya fi cushe-cushen da ke ƙona fata su jawo ƙaiƙayi. In abin ya tsananta har ya hana barci da zaman aure, asibiti na da magani, har da na istrojin ɗin kansa, wanda likita ke bayarwa bayan ya duba tarihin mace da na danginta.

Yayata, Gwaggo, Inna, ku sha hulbarku a shayi, ku ci awararku. Amma sau ɗaya a wata, in kin shiga wanka, ki shafa nononki duka biyu har hammata. In kin ji ƙullutu, ko kan nono ya shige ciki, ko fatar ta yi kauri ta lotsa, ko jini na fita, kada ki shafa komai, ki tafi asibiti mafi kusa cikin makon. In za ki tafi, ki sa gorar tsumin da ƙullin garin da kike sha a jaka, ki ajiye su gaban likita ki gaya masa sau nawa kike sha a rana.